Kofin madarar da Hollis Tidwell bai kwantar ba

Na fara ganin Hollis Tidwell ranar Litinin, sha huɗu ga Satumba, 1998, a gidan abincin Ozella da ke daura da kotun Ellisford. Ban daɗe da kama aiki a ofishin rajistar filaye na gunduma ba. An kawo mini ƙwai da faten masara babu gishiri, na duba teburina ban ga kwalbar gishiri ba, sai na miƙa hannu zuwa teburin da ke kusa, inda wasu mutum huɗu suka haɗa kai kamar masu duba taswira. Ban kai ga ɗaga kwalbar ba, wani hannu mai kaushi, baƙi ƙirin da man inji, ya riƙe ni.

"Ajiye mana shi, samari," in ji mai hannun, ko kallona bai yi ba. "Wannan ba gishiri ba ne, mai jefa ƙwallonmu ne. Kuma bai gama ɓata wasan ba tukuna."

Haka na ci fatena lami, ina kallonsu. Litinin ɗin da ta biyo baya suka jawo mini kujera, don sun ji cewa ina rubuta sakamakon kowane wasa, kuma suna bukatar wanda zai riƙa raba musu gardama. Tun daga ranar sunana a teburin ya zama Akawu.

Hollis makaniken injinan gona ne. Duk wanda injin cirar gyaɗarsa ya tsaya a tsakiyar kaka a faɗin gundumar, shi yake kira. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, yana ɗan ɗingishi tun daga raunin da ya ji a gwiwa lokacin da yake buga wasa a sakandare. Bai yi kwaleji ba, amma a ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake jifa ana gudu da ita a hannu, ban san wani wasan gida na ƙungiyar Kwalejin Tarver da ya wuce shi ba. Yana da kujerarsa a filin, can sama ta ƙarshen filin na kudu, inda ba kowa ke son zama ba. Ya ce daga nan ne ake ganin ƙafafun 'yan wasa, daga tsakiya kuwa ƙwallo kawai ake gani, kuma ƙwallo ta 'yan kallo ce.

Ga yadda teburin yake. Duk Litinin da safe, muddin ana kakar wasa, Hollis zai sake jera wasan ranar Asabar da abin da ke gabansa. Gishiri shi ne mai jefa ƙwallo. Kwalbar yaji ita ce mai gudu da ita. Ƙananan kofunan madarar gahawa guda biyar, irin waɗanda ake liƙe bakinsu da takarda, su ne ƙartin gaba masu ture abokan hamayya don buɗe hanya. Ƙullin sukari su ne abokan hamayyar. A gefen tebur akwai akwatin ƙarfe na takardun goge hannu, shi ne koci, kuma ba a taɓa shi. Zai zaɓi lokaci ɗaya da yake ganin a nan wasan ya lalace, ya motsa kayan ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ya sa yatsa ɗaya ya kwantar da wanda ya yi laifin. Ozella takan ɗauki abin da aka kwantar ta ajiye shi a kwance a kan tagar da ke kallon titi har mako ya zagayo. Kafin azahar labari ya kai gidan waya da shagon aski. Ba a tambayar yadda aka tashi wasa, kowa ya sani. Abin da ake tambaya shi ne, wa Hollis ya kwantar?

Abokin gardamarsa shi ne Vernell Mabry, mai shagon taya, ƙanin matarsa Lorene. Tarver tana buga tsohon tsari tun zamanin iyayenmu, kuma Koci Purvis ya riƙe shi bai sauya ba: a matsu wuri ɗaya, a yi ta gudu da ƙwallo a ƙasa, yadi uku, yadi huɗu, har abokan hamayya su gaji. Vernell yana ganin wannan wahalar banza ce. Ko'ina a ƙasar nan an baza 'yan wasa a faɗin fili ana jifa ta sama, mu muna nan muna huɗar fili da ka kamar alfadarai. In an ci mu, a wurinsa tsarin ne. A wurin Hollis kuwa tsarin bai taɓa yin laifi ba.

"Suruki," zai ce, yana juya cokali a kofi, "ka taɓa ganin tsari ya saki ƙwallo? Ka taɓa ganin tsari ya zame ya faɗi? Mutum ne ke faɗuwa. A yi abin yadda aka zana shi, a gani in ba zai ci ba."

"Shekara nawa ana jiran a yi shi yadda aka zana?" in ji Vernell. "Injin da sai mala'iku ne za su iya tuƙa shi, ai ba inji ba ne, tsoho. Kai da kanka da ka kai shi bola."

Daga nan sai su juyo kaina. Akawu, sau nawa muka yi jifa bara? Sau nawa muka saki ƙwallo? In faɗa musu. Kowa ya ɗauki lissafin ya ce ai ga shi nan, abin da yake faɗa ke nan. A shekarun da na yi a teburin ban taɓa ganin lissafina ya sauya wa ɗayansu ra'ayi ba. Da farko abin yana ba ni haushi, daga baya na saba. Gardamar ta zama kamar ciwon baya, ana tashi da ita, ana kwana da ita, ba a sa ran ta warke.

Ba kowa ke jin daɗin al'adar ba. Yaran da ake kwantarwa 'ya'yan mutane ne, wasu ma 'yan garin. Akwai shekarar da Hollis ya kwantar da ɗan Misis Odom, mai koyar da waƙa a cocinmu, har sau uku. Ta zo gidan abincin da kanta, ta tsaya a kansa tana hawaye, ta tambaye shi ko ya san yaron ba ya iya cin abinci. Hollis ya miƙe, ya cire hularsa, ya ba ta haƙuri da ladabi. Sannan ya ce mata amma gaskiya yaron yana ɗaga kai da wuri. Bai ga abin mugunta a ciki ba. A ganinsa, wanda aka nuna wa kuskurensa an ɗauke shi da daraja.

Yanzu sai in zo kan Emmett. Jikan Hollis ne, ɗan 'yarsa Renna, wadda ta rasu a hatsarin mota yaron yana ɗan shekara huɗu. Uban tun kafin nan ya yi yamma, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Hollis da Lorene suka raine shi. A gindin teburin nan ya tashi. Kafin ya iya karatu ya san wane kofi ne ke tsayawa a ina, kuma in Hollis ya makara shi ke jera kayan. Ya girma ya yi jikin kakansa, gajere, mai wuya kamar kututture, sai dai ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Da ya gama sakandare makarantu biyu suka neme shi, Tarver da wata ƙaramar kwaleji can arewa a Ohio, wadda ita ma take buga tsohon tsari. Ya zaɓi Tarver. A shekarar ce Lorene ta rasu, gidan ya rage su biyu.

Emmett yana kwana a makaranta, amma duk Lahadi bayan coci yakan zo gida da buhun wankinsa, Hollis ya soya kaza ya dafa wake da ganye yadda Lorene ke yi, ko kusa da haka. A shekararsa ta uku aka sa shi cikin 'yan wasan farko. Shi ne kofi na biyu daga hagu.

A farkon kakar 2017 motata ta lalace, Hollis ya rage mini hanya zuwa gida. Muna tafe ya ce mutanen Ohio ba su haƙura ba, har yanzu suna aiko wa yaron gaisuwa ta bakin wani tsohon kocinsa na sakandare. Da muka wuce ma'ajiyar gyaɗa sai ya ƙara da cewa:

"In yaron nan ya tafi, Akawu, ni da wa zan ci abincin Lahadi?" Bai jira amsa ba, ya kunna rediyo.

Kakar ba ta yi kyau ba. Kafin ƙarshen Oktoba an ci mu sau huɗu, kuma masu kiran rediyo sun fara neman a sallami Koci Purvis. Masu goyon bayansa suna ta raguwa. A Ellisford dai, in aka ce tsohon tsari, Hollis ake nufi. Ko masu kuɗin da ke tallafa wa ƙungiyar, in an matsa musu, sukan ce ai Hollis Tidwell ya san wasa, kuma yana cewa a yi haƙuri. A duk makonnin nan kofi na biyu daga hagu bai kwanta ba, kuma ban ga dalilin da zai kwanta ba. Yaron yana yin aikinsa.

Sai wasanmu da makarantar ƙetaren kogi, wadda in an ci kowa ba a ci ta ba shekarar ba ta yi daɗi ba. Suna gabanmu da maki huɗu, lokaci ya kusa ƙarewa, mun kai ƙwallo bakin layinsu, wanda in mun ƙetara shi mun ci wasan. Cikin dama huɗu da ake ba ƙungiya, uku sun tafi, saura ta ƙarshe, kuma abin da ya rage bai kai yadi ɗaya ba. Duk filin ya san abin da Purvis zai kira, har masu sayar da gyaɗa. Za a ba mai gudu ƙwallo ya bi bayan Emmett. Haka aka yi. Sai dai ƙaton da ke gaban Emmett ya kutsa ta kafaɗarsa ta ciki kamar an buɗe masa ƙofa, ya rungume mai gudun tun bai ɗaga ƙafa ta biyu ba. Mutane suka fara sauka daga kujeru. Na hango Hollis can sama a wurinsa, yana zaune, hularsa a gwiwa.

Ranar Litinin gidan Ozella ya cika har da masu tsayuwa. Wasu ban taɓa ganinsu a wurin da safe ba. Hollis ya shigo a lokacinsa. Yana cikin jera kofuna sai ƙofa ta buɗe, Emmett ya shigo, da yake ba su da atisaye a safiyar. Ya gaishe da Ozella, ya gaishe da Vernell, ya jawo kujera ya zauna a ƙarshen teburin, hannayensa a kan cinya.

Vernell ne ya fara magana, kuma ban taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba. Ya ce ba sai an jera komai ba yau. Ya ce in abokan hamayya sun san inda za ka bi tun kafin ka tashi, ko wa ka sa a wurin haka za ta faru, kuma yaron da aka tara wa mutum uku a kai ba a ce ya gaza ba. Duk wanda ke wurin ya gane abin da yake yi. Hanya yake buɗe wa surukinsa.

Hollis ya ci gaba da jera kayansa. Ya gama jeri. Ya matsa da gishiri baya kaɗan, ya tura kwalbar yaji gaba, ya ɗauki ƙullin sukari ɗaya ya zura shi ta tsakanin kofi na biyu da na tsakiya. Yatsansa ya tsaya a saman kofi na biyu.  Sai ya janye yatsan, ya miƙa hannu gefen tebur, ya kama akwatin takardun goge hannu ya kwantar da shi. Ƙarfe ne, ya yi ƙara.

"Vernell ya yi gaskiya," in ji shi. "Tsarin ne."

Wani a baya ya yi dariya ya katse ta.  Shekara goma sha tara ina jin Vernell yana neman wannan magana, da ta zo kuwa sai ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa.

Emmett ya miƙo hannu a hankali, ya tayar da akwatin ya mai da shi wurinsa. Sannan ya sa yatsa ɗaya, kamar yadda ya ga ana yi tun yana yaro, ya kwantar da kofi na biyu.

"Da ƙafar dama na fara takawa, Kaka," in ji shi. "Da hagu ya kamata."

"Na gani."

"Na san ka gani. Daga wurin zamanka ba abin da ba ka gani." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ɗan Misis Odom sau uku ka kwantar da shi, uwarsa tana tsaye a nan tana kuka. Ni ban kai a kwantar da ni ba ke nan?"

Hollis ya dubi kofin, ya dubi taga. Ya ɗaga kofin gahawarsa ya ce wa Ozella ta ƙara masa, alhali a cike yake. Emmett ya jira kaɗan, ya tashi, ya ce yana da aji, ya fita. Ozella ta rasa wanda za ta kai taga, akwatin ko kofin. A ƙarshe ba ta kai ko ɗaya ba.

Ranar Lahadi yaron ya zo gida da wankinsa kamar kullum. Hollis ya gaya mini sun ci kaza, sun yi maganar indararon bayan gida da ke yoyo, ba wanda ya ta da zancen. A nan gida abin ya tsaya. A gari kuwa bai tsaya ba.

Vernell bai gaya wa kowa ba, wannan na tabbata. Amma mutum fiye da ashirin suka ji, kuma kafin yamma an faɗa a rediyo. Har Hollis Tidwell ya ce tsarin ne. Aka yi ta maimaita ta a shagon aski, a bakin coci, a wurin sayar da taki. Litinin ta gaba Hollis ya yi ƙoƙarin gyara maganar. Ya ce wasa ɗaya yake nufi, lokaci ɗaya, ba tsarin gaba ɗaya ba. Ba wanda ya saurare shi. Wani yaro mai aikin banki ya ce masa, "Haba Mista Hollis, ai ka riga ka tuba, kada ka koma." Aka yi dariya. Na ji daga wanda ya halarci taron masu tallafa wa ƙungiyar cewa an ambaci sunansa a can ma.

Ba na cewa maganar Hollis ce ta kori Koci Purvis. Mun ƙare kakar da ci uku kawai, kuma mutumin ya tsufa. Da wuya ya kai wata shekarar ko da Hollis bai buɗe baki ba. Na gaya wa Hollis haka, da lissafin shekaru goma a hannuna. Ya karɓi lissafin kamar yadda ya saba karɓar lissafina.

A watan Disamba aka ce Purvis ya yi ritaya. Aka kawo wani matashi mai tsarin jifa, irin wanda Vernell ya daɗe yana roƙo. Sabon tsarin yana son 'yan gaba dogaye, marasa nauyi sosai, masu iya ja da baya da sauri suna kare mai jifa, kuma ba a tsayawa hutu tsakanin wasa da wasa. Emmett an gina shi ne don tura mutum gaba. Ya rage cin abinci, ya yi ta gudu da asuba a titin ma'ajiyar gyaɗa, amma tsawo ba a samunsa da gudu. Da aka gama atisayen bazara, sunansa ya koma na uku a matsayinsa. Sabon kocin ya kira shi ya gaya masa gaskiya, cewa ba laifinsa ba ne, bai dace da tsarin ba ne kawai. Saura masa shekara ɗaya ta wasa, kuma mutanen Ohio suna nan suna jira.

Ya tambayi kakansa. Hollis ya ce masa ya tafi. Shi da kansa ya kai shi a motarsa a watan Yuli, ya kwana ɗaya ya juyo. Da ya dawo na tambaye shi yadda wurin yake, ya ce masara ce ko'ina, kuma ba su iya shayi mai sanyi ba.

Teburin ya ci gaba, amma Hollis bai sake kwantar da komai ba. Yakan zo, ya sha gahawa, ya saurara. Sabon tsarin yana cin maki da yawa, ana kuma cin mu da yawa. In aka duba yawan wasannin da muke ci a shekara, bambancin bai taka kara ya karya ba. A kaka ta biyu, bayan mai jifanmu ya miƙa wa abokan hamayya ƙwallo sau huɗu a wasa ɗaya, na ji Vernell yana cewa tsarin ba shi da laifi, yaran ne ba sa yin abin yadda aka zana. Ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya dubi surukinsa. Hollis ya tura masa gishiri.

"Ga shi nan," in ji shi. "Da yatsa ɗaya ake yi."

Vernell bai taɓa shi ba.

A shekarar da Emmett ya buga a Ohio, Hollis ya bar kujerarsa ta filin Tarver. Ranar Asabar Vernell yakan kawo kwamfutarsa gidan, su zauna su biyu a ɗakin girki suna kallon wasan yaron, hoton yana yankewa yana dawowa. Vernell ya ce mini Hollis yana manna fuska a jikin gilashin don ya ga ƙafafu. Ranar Lahadi bayan coci Emmett yakan kira. Sau ɗaya ina gidan aka yi kiran, na kai masa wata takardar fili ya sa hannu. Na ji Hollis yana cewa, "A kashi na uku na wasan ka ɗaga kai da wuri, sau biyu. Ka san haka ko?" Ya saurara, sai na ga ya yi murmushi. "E, da a teburi ne da ka kwanta." Sun kai rabin sa'a a kan wannan. Da ya ajiye wayar ya tambaye ni ko zan ci kaza, ya soya da yawa, har yanzu bai iya auna ta mutum ɗaya ba. Na zauna na ci. Wasu Lahadin Vernell ne ke zuwa, wasu kuma ba kowa.

Emmett ya gama karatu a can, ya samu aikin koyarwa a wata sakandare, yana kuma horar da 'yan gaban ƙungiyarsu. Ya yi aure a can. Yakan zo Kirsimeti in hanya ta yi kyau. Ya yi ta roƙon kakansa ya koma wurinsa, Hollis ya ce sanyin zai kashe masa gwiwa.

Hollis ya rufe garejinsa a 2020, da idanunsa suka daina ganin ƙananan kusoshi. Ya rasu a gida a watan Maris na 2022, yana da shekara saba'in da takwas, aka binne shi kusa da Lorene a maƙabartar cocinmu. Emmett ya zo jana'iza da matarsa, ya sayar da gidan, ni na yi rajistar cinikin. Ozella ta sayar da gidan abincin a shekarar da ta biyo baya. Sabon mai wurin a buta yake kawo madara, babu sauran ƙananan kofuna. Ni da Vernell muna zuwa ranar Litinin har yanzu.